Dodon da ke Wanke Kwano

Shekarar da aka gama Konferans, babban taron ƙasa na Nijar, takara ce ta sauka a Maraɗi tun kafin ruwan sama. Mahauta sun yi zaɓe, 'yan kabu-kabu sun yi zaɓe, har masu yankan farce an ce sun kafa biro, wato kwamiti, mai mutum tara. To, da Allah ya yi wa Sarkin Bakan wata unguwa a Tsibiri rasuwa, sai tsofaffin mahalba suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Ranar sadakar arba'in za a fito fili, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Wanda layinsa ya fi tsawo shi zai ɗauki bakan gado.

'Yan takara biyu ne. Akwai Jibo, ɗan ƙanen marigayin, mutum ne da zai yini da kai bai yi magana goma ba, amma bai taɓa dawowa daga daji hannu rabbana ba. Sai kuma Sha'ibu, ɗan marigayin na cikinsa, maƙwabcinmu a Sabon Gari, mai sayar da maganin ɓera da lasifika a tasha. Sha'ibu bai taɓa harbin ko kurciya ba. Amma in faɗi gaskiya, bakan nan yana son sa har cikin ransa. Tun yana ƙarami shi ke shafa masa mai, kuma tunanin a rataye shi a ɗakin wani yana hana shi cin abinci.

A fadar Idirisa tela, inda muke shan shayi da la'asar, ya bayyana mana shirinsa.

"Jibo mi ya sani? Zomo da zabo," in ji shi.

"Kai kuma kusu," in ji Idirisa, bai ko ɗago daga keken ɗinki ba.

"Kusu dabba ne mai wayo. Wanda ya iya da kusu ya iya da komi. Ni Dogon-Gulbi za ni kamawa, da rai, in kawo shi gaban mahalba."

Dogon-Gulbi shi ne wanda tsofaffi ke cewa yana fitowa daga dajin Baban Rafi ya biyo gulbi, rabinsa mutum rabinsa gwaggon biri, yana tafiya da ƙafa biyu. Ba wanda ya taɓa ganinsa sai wanda kakarsa ta gani. Sha'ibu ya ce dalili ke nan, mutanen da ba su da siyans, wato kimiyya. Shi mataki uku zai bi: sawu, cima, kamu. Ya sayi kaye, littafin rubutu mai shafi ɗari, da biro ja.

Mata masu kawo zogale kasuwa suka ba shi labarin wani sawu mai ban tsoro a bakin lambunan Jiratawa. Jiratawa garin matarsa Maijidda ne, amma shekara huɗu rabonsa da gaida surukai, kullum harkoki sun yi yawa. Saboda haka bai bi ta cikin gari ba, sai ya zagaya ta daji. A gindin wata kanya, cikin laka, ya ga abin da ya je nema. Sawu ne taƙi ɗaya da rabi, diddigen duk tsaga. Kusa da shi an karya rassan zogale daga can sama, inda hannun mai hankali ba ya kaiwa.

Ya haƙo sawun da lakarsa, ya ɗora a faifai, ya hau kabu-kabu yana riƙe da shi a ka. A wani rami wajen unguwar Zariya babur ya yi tsalle, sawu ya rabu tara. Ya tsince, ya yini yana liƙawa da ƙaro. Da ya kawo mana shi fada yatsu bakwai ne, biyu daga cikinsu a diddige.

Idirisa ya duba da kyau. "To gaba ya nuhwa ko baya?"

"Ka gani ko? Shi ya sa ba a taɓa kama shi ba."

Mataki na biyu shi ne sanin abin da dodo ke ci. Da sassafe Sha'ibu ya jera kaya a gindin kanya: ɗanyen nama, ɗanyar gyaɗa, mangwaro uku, da tuwon hatsi miyar kuka a kwanon Maijidda. Ya ajiye, ya ja da baya a sunkuye yana share sawunsa da reshe, sannan ya arce. Washegari ya koma. Nama shirwa ta ɗauke, gyaɗa da mangwaro suna nan. Tuwo kuwa babu ko loma. An wanke kwanon da toka, an kife shi a kan reshe, a ƙarƙashinsa ga damin zogale da goro biyu ɗaure da kaba.

Ya rubuta a kaye: Ba ya cin ɗanye. Yana da tsabta. Yana tara goro, watakila don sheƙa.

Da ya kawo kwano gida, Maijidda ta ɗauki goron, ta juya ɗaurin kabar sau biyu, ta dafe ƙirji.

"Maigida, wanga ɗauri ai na..."

"Maijidda, bincike ba miya ba ne. Ke dai ki tuƙa."

"Ka dai saurare ni."

"Mata sun samu 'yanci, na sani, an hwaɗa a radiyo. Amma ba a ce su shiga siyans ba."

Sai ta sa goron a bakin zane.

Abin da ta so faɗa ba mai tsawo ba ne. Ɗaurin na mahaifinta ne, Maman Lawali, tsohon ɗan kokawa, mutumin da babu takalmin ƙafarsa a duk kasuwar Maraɗi, shi ya sa ya haƙura yake yawo ƙafa ƙasa. Bana ya karɓi wani sabon lambu a bakin gulbi, a gindin kanyar nan yake hutawa. Kwanukan kuwa shi ya saya wa 'yarsa da aure, kowanne da ɗigo uku na jan fenti a gindi, shaidar gidansu don kada su ɓace a biki. Daga cikin zogale ya hango surukinsa ya zo a sunkuye, ya ajiye abinci, ya koma da baya ko ɗaga ido bai yi ba. Tsoho ya tsaya baki buɗe. Shi da ke cewa 'yarsa lasifika ta aura, yau ga yaro ya kawo wa suruki abinci, kunya ta hana shi ko sallama. Ya ci, ya wanke kwano, ya sa tukuici kamar yadda ake yi, ya koma aiki da farin ciki.

Daga ranar bincike ya kama hanya. Maijidda, wadda da sai an roƙe ta take hura wuta da safe, ta koma tashi tun asuba.

"Gwada mishi dambu da man shanu," in ji ta.

Dambu ya tashi tas. Aka gwada fura da nono, ita ma ba a bar ko gaya ba. Aka gwada kilishi, sai aka same shi an tsotse yajin an ajiye naman a gefe. Sha'ibu ya rubuta: Ba shi da haƙora. Wata rana da kansa ya ƙara gishiri a miya don gwaji, aka dawo da rabi.

"Wa ya ce ka ƙara gishiri?" Maijidda ta taso masa. "Lokotoro ya hana shi!"

"Wane lokotoro? Dodo na zuwa asibiti?"

Ta ɗan dubi rufin ɗaki. "Na daji."

Ya buɗe kaye ya rubuta.

Mu a fada kullum muna samun rahoto. Dodo ya fi son tuwon da ya kwana. Dodo yana sakace da tsinken darbejiya. Ranar Juma'a dodo ba ya zuwa da wuri. Zogale kuwa ya yi yawa a gidan Sha'ibu har maƙwabta suka fara samun rabo, muka daina yi masa dariya da ƙarfi sosai.

"Wanga dodo naka ya hi wasu 'yan takara amana," in ji Idirisa. "Ka ba shi tuwo, ya maido maka goro. Su ko sai su ci tuwon su tahi da kwanon."

A kwana na tara Sha'ibu ya ce lokacin gani da ido ya yi. Don kada dodo ya ji warin mutum, ya shafe jikinsa da kashin shanu tun daga goshi har idon sawu, ya sa buhu ya huda wajen kai, ya ajiye abinci, ya haye kanya. Bai lura da cewa reshen da ya zaɓa yana da masu shi ba. Rina suka ba shi kamar minti ɗaya ya gyara zama, sannan suka fara aiki. Ya faɗo ta baya, ya miƙe, ya zuba da gudu yana rufe fuska da hannu biyu.

Maman Lawali yana tahowa daga lambu daidai lokacin. Ya ga bayan surukinsa yana tsere, fuska a rufe, ya girgiza kai.

"Allah sarki. Kunya har ta kai haka."

Sha'ibu yana can kwance cikin magudanar ruwan lambu yana jiƙa fuska, sai ya ji wata irin gyatsa daga wajen kanya, wadda ta tashi tsuntsaye. Bayanta kuma murya mai kauri ta ce, "Alhamdulillahi."

Da la'asar ya iso fada ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi biyu, ƙudaje na rakiya. Muka ba shi benci guda shi kaɗai.

"Musulmi ne," in ji shi.

"To ka yi mishi sallama mana, ka huta," in ji Idirisa.

"Musulmi ne, amma dabba ne."

"Wace jam'iyya yake?"

"Ban kai nan ba tukuna."

Ranar Alhamis, jajibirin arba'in, Maijidda ta tafi Tsibiri taya girkin sadaka. Sha'ibu ya ga dama ta samu, don sirrin kamu ba na gaya wa mace ba ne. Ya je da sassafe da shebur ya haƙa rami a gaban kanya, zurfin gaba ɗaya da rabi. Ya janyo ruwan lambu ya kwaɓa laka a ciki don kada dodo ya karye, ya rufe da kara da yashi. Ya yini yana aiki babu wanda ya leƙo, ya ce a ransa dodo ya fara jin tsoronsa. Da yamma ya aika wa Abdulmutallib, babban dattijon mahalba, cewa yana roƙon a yi zaɓen a Jiratawa, a gindin kanya. Muka ce tsoho ba zai yarda ba. Abin mamaki, nan take ya amsa, har da cewa Allah ya yi wa yaron albarka.

Juma'a da hantsi wata akori-kura ta sauke mahalba ashirin da biyar da makaɗansu, da mata a baya, da mu 'yan kallo daga Sabon Gari. Sha'ibu ya sha babbar riga, kaye a hammata, lasifika a wuya. Ya lallaɓa ya ajiye kwanon waina da miya a hayin ramin, ya dawo ya ɓoye jama'a bayan darnin wani lambu, ya ce kada wanda ya yi tari. Mahalba suka zauna suna duban juna. Maijidda ta fara ƙoƙarin ratsowa daga cikin mata tana tambayar me ake jira.

Ba a daɗe ba muka ji kara ya karye, wani abu mai nauyi ya faɗa laka, sai ruri. Mata suka yi baya, makaɗi ɗaya ya haye mota. Sha'ibu ya yi tsalle.

"Ya shiga! Jama'a, ya shiga!"

Ya ja mu har kusa da ramin, amma ya tsaya taku biyar nesa da baki, ya juya masa baya, wai don ya fuskanci jama'a. Ya kunna lasifika. Da jin muryarsa rurin cikin rami ya tsaya cak.

"Kun ji? Ya san ubangidanshi," in ji Sha'ibu. Ya buɗe kaye. "Kahin ku gan shi, ga sakamakon bincike. Na ɗaya, tsohon namiji ne, ya kusa mutuwa. Na biyu, bakinshi babu haƙori ko na rantsuwa. Na uku, ƙahwarshi kamar hwaranti, kuma hwaso ya cinye ta, bai san mai ba tunda anka haihe shi. Na huɗu, ci gare shi kamar gara. Kwana goma sha biyu ina ɗura mishi, bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Abin da yac ci mini ya isa sadakar suna biyu."

Maijidda ta ɗora hannu a ka. "Maigida!"

"A riƙe mini mata. Na biyar, ba shi da wayo ko kaɗan. Kusu sai ka canza mishi wuri kullum, wanga ko tuwo kaɗai ya kawo shi rami. Na shida, wari..."

"Ci gaba, ina ji," in ji rami.

Lasifika ta yi ƙara ita kaɗai.

"Yana magana?" in ji Idirisa.

"Na... na rubuta haka a shahi na talatin," in ji Sha'ibu.

Wani baƙin hannu ya fito ya dafa bakin rami. Jama'a suka watse, wasu ta cikin albasa, wasu ta cikin zogale. Jibo kaɗai ya taka a hankali ya leƙa. Ya cire hularsa, ya durƙusa, ya miƙa hannu.

"Sannu, Baba Maman."

Sai da mutum huɗu suka taimaka kafin ya fito. Maman Lawali ya tsaya, laka tun daga rawani har ƙasa. Rigarsa ta Juma'a ce, wadda ya sa don zaɓen surukinsa. Ya share ido da bayan hannu, ya dubi ramin, ya dubi kwanon waina, ya dubi 'yarsa tana kuka. Sha'ibu ya so ya durƙusa, ya so ya gudu, ƙafafunsa suka kasa shirya kansu, ya tsaya a karkace.

Abdulmutallib ya dogara sandarsa ya matso.

"Kai yaro, ka san inda mutumen ga ya yini jiya? Tsibiri yaz zo, da ƙahwa. Gida goma sha bakwai ya shiga. Yana cewa ku ba surukina baka, ko bai iya halbi ba ya koya, amma yaron da ke ciyar da tsoho a ɓoye ba ya cin amanar gado. Mu goma sha bakwai munka ba shi alkawali. Da ka ce a zo Jiratawa, cewa munka yi girmama shi za ka yi."

Idirisa ya ƙirga da yatsu, ya raɗa mini cewa sha bakwai cikin ashirin da biyar ai an gama tun jiya. Ni kuwa tausayi ya kama ni, na rasa na wa zan fara ji.

Maman Lawali bai ɗaga murya ba.

"Sha'ibu. Ramin ba komi, an kada ni a gaban mutanen da sunka hi haka. Hwaso kuma gaskiya ka hwaɗa. Abu guda nike tambaya. Cikin kwana goma sha biyun nan, ko sau ɗaya ba ni kake nuhi ba?"

Sha'ibu mutum ne da bai taɓa rasa amsa ba. Ƙarya ɗaya ƙarama ta ishe shi a wurin, kuma kowa ya ga bakinsa ya buɗe zai yi ta. Sai ya dubi rigar tsohon.

"A'a, Baba," in ji shi. Ya manta bai kashe lasifika ba, har masu ban ruwa a hayin gulbi sun ji.

Tsoho ya gyaɗa kai. "To."

Abdulmutallib ya ce tunda an zo, a yi abin da ya kawo mutane, Juma'a na matsowa. Aka ja layi biyu a yashi. Jibo ya tsaya nan, Sha'ibu ya tsaya can. Mahalba suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu mai duban Sha'ibu. Wasu har zagayawa suke ta bayan kanya don kada su gifta ta gabansa. Layin Jibo ya kai bakin lambu. Bayan Sha'ibu babu kowa sai ramin da ya haƙa.

Sai muka ji takun laka, caɓal, caɓal. Maman Lawali ya zagaye ramin, ya je ya tsaya bayan surukinsa.

"Maman, kai ba mahalbi ba ne," in ji Abdulmutallib. "Ba ka da ƙuri'a."

"Na sani. Kada ku ƙirga ni. Mijin ɗiyata ne, ba a barin shi tsaye shi kaɗai cikin mutane."

Aka ƙirga. Ashirin da biyar da babu. Aka kwance bakan daga cikin farin ƙyalle, aka miƙa wa Jibo, makaɗi ya sauko daga mota ya fara kiɗa. Sha'ibu ya bi bakan ubansa da ido har ya shiga hannun wani. Hawaye suka zubo ta idon da rina suka bar masa a buɗe. Bai ce an yi maguɗi ba, bai ce zai ɗaukaka ƙara ba, ko juyawa ya kasa yi, don inuwar tsohon ta rufe shi gaba ɗaya.

Daga bayansa Maman Lawali ya sunkuyo, ya yi magana a hankali.

"In ka gama kukan, ka cike ramin ga kahin azahar. Hanyar jakina ce."